Sun ce in canza wa manhajata suna ta shiga cikin aikinsu: in yarda?

Mai Manhaja:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawararku nake nema kan wata magana da ta tsaya mini a rai.

Akwai ƙaramar manhaja da nake kula da ita, ta layin umarni, wato wadda ake sarrafa ta da buga umarni a rubuce. Aikinta duba fayilolin saiti na YAML (wani tsarin rubuta saitin manhaja) kafin a tura su kan saba (kwamfutar da aikin ke gudana a kanta), ta nuna wa mutum inda ya yi kuskure. Buɗaɗɗen tushe ce, wato kowa na iya ganin kod ɗinta ya gyara, lasisinta GPL siga ta 3, wanda ya sharɗanta cewa duk wanda ya rarraba kod ɗin ya bar shi da wannan lasisin, kod ɗin yana GitHub, shafin da ake ajiye kod, ana sauke ta daga PyPI, rumbun manhajojin harshen Python. To, masu kula da wani babban aiki sun rubuto mini, kuma dama yawancin masu amfani da manhajata saboda wannan aikin suke amfani da ita. Suna so ta shige cikin nasu kacokan, ta zama ɗaya daga cikin umarninsu. Sharaɗinsu biyu: a ajiye sunanta a sa wanda ya dace da tsarin sunayensu, sannan ma'ajiyar kod ɗin ta koma ƙarƙashin ƙungiyarsu. Ni kuma za su ba ni kujera cikin masu kula da wannan ɓangaren.

Ba zan faɗi sunan aikin ba tukuna, don maganar ba ta fito fili ba. Zuciyata ta karkata ga yarda, saboda ni kaɗai nake ɗauke da ita, rahotannin matsala kuma sun fi ƙarfina. Abin da ke hana ni barci shi ne mutanen da suka riga suka saka tsohon sunan cikin ayyukansu. Ya kuke gani?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Malam, ka yarda. Abin da suke nema a wurinka an sha yin sa, kuma ya yi kyau. Misalin da ya fi kama da naka shi ne Fig. Ƙaramar manhaja ce da kamfanin Orchard ya rubuta don tayar da kwantenonin Docker da yawa da umarni ɗaya, wato keɓaɓɓun wuraren da manhaja ke gudana a ciki da duk kayan da take buƙata. Kamfanin Docker ya sayi Orchard a 2014, a farkon 2015 aka mayar da Fig ta zama Docker Compose, fayil ɗin fig.yml ya koma docker-compose.yml. Yau wa ke kukan rashin Fig? Da ta tsaya ita kaɗai da sunanta, da wuya ta kai inda Compose ta kai. Manhajar da mutum ɗaya ke riƙe da ita, ranar da ya gaji ko ya samu aikin da ya cinye masa lokaci, ta tsaya ke nan.

Malama:
Kafin a kai ga maganar suna, ina da tambaya ɗaya. Wane lasisi babban aikin yake da shi?

Mai Manhaja:
Apache 2.0 ne, Malama.

Malama:
To a nan aikin yake, ba a suna ba. Kod mai lasisin Apache 2.0 yana iya shiga cikin aikin da ke ƙarƙashin GPL siga ta 3, amma hanyar ba ta juyowa. Ba za su iya ɗaukar kod ɗinka na GPL su rarraba shi da lasisin Apache ba sai an canza masa lasisi, kuma kai kaɗai ba ka da ikon canza shi, sai fa idan kai ka rubuta kowane layi. Duk wanda ya taɓa turo gyara ka karɓa, shi ke da haƙƙin mallakar abin da ya rubuta, matuƙar bai sa hannu a wata yarjejeniya da ta ba ka wannan ikon ba. Ya ba ka ne bisa sharuɗɗan GPL. Dole a koma wurinsa a nemi yardarsa a rubuce.

Kada ka ɗauki wannan da sauƙi. Masu VLC, manhajar kallon bidiyo, sun yi irinsa a 2011 lokacin da suka mayar da libVLC, wato injin cikinta, daga GPL zuwa LGPL mai sassauci, sai da Jean-Baptiste Kempf, ɗaya daga cikin jagororin aikin, ya bi masu ba da gudummawa ɗaya bayan ɗaya. Masu OpenSSL, manhajar ɓoye bayanan sadarwa, sun fara neman yardar nasu mutanen a 2017, amma sigar da ta fito da lasisin Apache, wato 3.0, sai a 2021 ta fito. Naka ƙarami ne, ba zai ɗauki shekaru ba, amma ka fara yau. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka gudanar da umarnin git shortlog (git shi ne ke adana tarihin canje-canjen kod) ka ga sunayen duk waɗanda ke cikin tarihin, ka buɗe shafi ɗaya a fili inda kowa zai rubuta yardarsa da asusunsa, ka adana kwafin.

Mai Manhaja:
Allah ya ƙara sani, Malama. Mutanen ba su da yawa, kuma yawancinsu ina iya samunsu. Wasu gyaran kuskuren rubutu ne kawai suka turo, amma akwai mutum biyu ko uku da suka rubuta sassa masu nauyi.

Mai Sabobi:
Ni daga ɓangaren masu amfani zan yi magana, don irinmu ne ake tayarwa tsakar dare idan abu ya karye. Injiniya ya kawo Compose, to bari in ƙarasa masa labarin. Lokacin da aka bar Fig, masu aikin ba su yanke tsohon suna rana ɗaya ba. Compose ta ci gaba da karanta fig.yml na wani lokaci, tana gargaɗin a canza. Wannan ya yi daidai. Amma da aka zo siga ta 2, wadda aka sake rubutawa da harshen Go, umarnin ya tashi daga docker-compose mai karan tsakiya ya koma docker compose mai tazara, kuma sunayen kwantenonin da take ƙirƙira suka bar karan ƙasa suka koma karan tsakiya. Alama ɗaya tak. Duk wani rubutun umarni da ke kiran kwantena da cikakken sunanta sai ya daina samunta. Sai da suka bar zaɓin compatibility don wanda ke son tsohon tsari.

Abin da masu rubuta manhaja ba sa gani shi ne, sunan ba a shafin farko kaɗai yake zaune ba. Yana cikin fayil ɗin requirements na mutane, inda suke jera manhajojin da aikinsu ya dogara da su. Yana cikin matakan gwaji da ke gudana da kansu duk lokacin da aka turo kod. Yana cikin Dockerfile, fayil ɗin haɗa kwantena, da wani ya rubuta, ya bar wurin aikin, ba wanda ya sake buɗewa. Yana cikin sunan fayil ɗin saiti, da sunayen da manhajar ke karantawa daga muhallin tsarin, da babban fayil ɗin da take ajiye kayanta. Waɗannan mutanen ba sa karanta sanarwarka, Malam. Ba su ma san suna amfani da manhajarka ba sai ranar da ta ƙi aiki.

Injiniya:
Ban musa ba, Yaya. Amma kuma ba za a riƙe tsohon suna har abada ba. Sunaye biyu na nufin takardun bayani biyu, gwaje-gwaje biyu, da sababbin shiga da za su rikice ba su san wanne ne na gaske ba. A ba da siga ɗaya ko biyu da gargaɗi, sannan a cire. Wanda bai sabunta ba cikin wata shida, ai shi ya zaɓa.

Mai Sabobi:
Wata shida a wurin wa? Akwai masu amfani da rarrabawar Linux mai dogon tallafi, waɗanda Ubuntu ke tallafa wa shekara biyar, Red Hat kuma shekara goma. Mutumin da ke kan irin wannan zai tsallake sigoginka masu gargaɗi gaba ɗaya, ya faɗo kai tsaye kan wadda aka cire sunan. Bai taɓa ganin gargaɗin ba ko sau ɗaya. Kuma me riƙe tsohon umarni zai ci maka? Layi kaɗan ne da ke kiran sabon. MariaDB, manhajar rumbun bayanai, ta mayar da umarninta daga mysql zuwa mariadb, amma ta bar tsohon sunan a matsayin mahaɗi, daga baya ta ƙara masa gargaɗi. Ba wanda ya ce hakan ya hana su ci gaba.

Abu ɗaya nake roƙo: idan za ka sa gargaɗi, ka tura shi ta stderr, hanyar fitar saƙonnin kuskure, kada ka haɗa shi da ainihin sakamakon da ke fita ta stdout. Akwai masu karanta sakamakon manhajarka da wata manhajar, layi ɗaya da ba su zata ba zai ɓata musu komai. Lambar fita ma, wadda manhaja ke bayarwa idan ta gama don nuna nasara ko kuskure, kada ta canza.

Tsohon Hannu:
Na karanta duka. Malama ta faɗi abin da doka ta tanada, Mai Sabobi ya faɗi abin da ke faruwa a ƙasa. Ni abin da ya dame ni daban ne: bayan an gama, tsohon sunan a hannun wa zai zauna, sabon kuma na wa ne?

Mutane suna ɗauka lasisin buɗaɗɗen tushe ya rufe komai. Kod ya rufe, bai rufe suna ba. Gerald Combs ya fitar da Ethereal, manhajar bin diddigin bayanan da ke wucewa a hanyar sadarwa, a 1998. Da ya canza wurin aiki a 2006, kod ɗin ya bi shi saboda GPL ne, amma alamar kasuwancin sunan tana hannun kamfanin da ya bari, dole ya sa wa aikin Wireshark. Hudson, manhajar haɗa kod da gwada shi da kanta, ita ma haka. Kohsuke Kawaguchi ya rubuta ta yana aiki a kamfanin Sun, kamfanin Oracle ya sayi Sun a 2010, aka samu saɓani kan wa ke da iko da sunan, a Janairun 2011 jama'ar aikin suka kaɗa ƙuri'a suka koma Jenkins. A duka biyun mutanen da ke aikin sun tafi da kod, suna ya tsaya a baya.

Kai yanzu sunanka a hannunka yake, kuma shi ne kaɗai abin da kake da shi wanda ba za su iya kwafa ba. Sabon sunan nasu ne. Idan bayan shekara biyu kuka saɓa, ko suka ga wannan ɓangaren bai dame su ba suka bar shi ya ruɓe, kana iya ɗaukar kod ɗin ka fita, lasisi ya ba ka dama. Amma da wane suna za ka fita, kuma ta ina mutane za su same ka? Don haka nake cewa ka yarda da sabon suna, amma kada ka miƙa tsohon. Rajistarsa a PyPI, da adireshin yanar gizo idan akwai, su zauna a hannunka, ko a hannunku tare bisa rubutacciyar yarjejeniya.

Sabon Shiga:
Ranka ya daɗe, ina da tambaya, ku yi haƙuri idan ta yara ce. Na ɗauka idan aka canza wa ma'ajiya suna a GitHub, tsohon adireshin yana kai mutum sabon da kansa. To me ya rage?

Tsohon Hannu:
Tambaya ce mai kyau, ɗana. Haka ne, GitHub yana tura mutum sabon wuri idan an canza suna ko an mayar da ma'ajiya wani asusun, har umarnin sauke kod, git clone da git fetch, suna bi. Amma turawar tana da iyaka. Ba ta shafi shafukan yanar gizon aikin da ke kan GitHub Pages ba. Idan ma'ajiyar tana ɗauke da action, wato shiryayyen matakin aiki mai gudana da kansa, da wasu ke kira cikin matakan aikinsu, wannan kiran ba a tura shi, sai dai ya faɗi. Sannan ranar da aka buɗe sabuwar ma'ajiya da tsohon sunan a tsohon asusun, turawar ta mutu. Haɗarin da ya fi girma shi ne mutum ya saki sunan asusunsa wani ya ɗauka, ya buɗe ma'ajiya da wancan sunan, ya zuba abin da ya ga dama, masu tsohon adireshi kuma su riƙa saukewa ba su sani ba.

A PyPI kuwa babu turawa ko kaɗan. Abin da ake yi shi ne a fitar da siga ta ƙarshe ta tsohon ƙunshin, wadda ba komai a cikinta sai dogaro da sabon, da bayanin inda aka koma. Kuma ba a goge tsohon. Ka duba yadda masu scikit-learn, wani ƙunshin Python, suka yi da sunan sklearn. Mutane da yawa suna rubuta pip install sklearn saboda da wannan sunan ake kiran ta a cikin kod, sai masu aikin suka riƙe sunan a PyPI don kada mugu ya ɗauka. Da suka so a daina amfani da shi, daga Disamban 2022 suka fara sa shi ya ƙi sauka na ɗan lokaci a wasu sa'o'i, suna ƙara tsawon lokacin a hankali, har Disamban 2023 ya daina sauka gaba ɗaya, yana nuna saƙon abin da za a rubuta a madadinsa. Shekara guda cur, kuma har bayan nan ba su saki sunan ba.

Injiniya:
Wannan tsarin na sklearn ai goyon bayana yake yi, Baba. Sun sa rana, sun cika. Abin da nake gudu shi ne gargaɗin da ba shi da ranar ƙarewa, wanda kowa ke gani ya wuce.

Mai Sabobi:
Sun sa rana, amma shekara suka bayar, kuma sun yi ta yadda wanda ba ya karanta sanarwa zai ji a jikinsa kaɗan kafin ranar. Idan Malam zai yi haka, ba ni da ja. Wata shida da yankewa rana ɗaya ne ban yarda da shi ba.

Malama:
Ku bambanta abu biyu, don ina ganin kuna haɗa su. Akwai sunan waje, wanda mutum ke bugawa ko yake gani a shafi, akwai kuma sunan ciki, wanda kod ɗin wasu ke kira. Jenkins ta bar sunan Hudson tun 2011, amma har yau idan ka buɗe kod ɗinta za ka tarar da ƙunshiyoyi masu farawa da hudson, kamar hudson.model. Sun bar su ne da gangan don kada ƙarin manhajojin da jama'a suka rubuta su karye. Kishiyar wannan ita ce Java EE, tsarin gina manyan manhajoji da harshen Java. Oracle ta miƙa ta ga Gidauniyar Eclipse a 2017, aka sa mata Jakarta EE, amma ba a cimma yarjejeniya kan ci gaba da bunƙasa sunayen ciki masu farawa da javax ba. Sai Jakarta EE 9 ta fito a 2020 da jakarta a madadin javax. Ba wani sabon abu aka ƙara ba, suna kawai, amma sai da duk wanda ke kan wannan tsarin ya bi kod ɗinsa yana canza layukan shigowa, ya kuma jira kowane ɗakin karatun kod da yake dogaro da shi ya canza. Cikin manhajojin da ke kan wannan tsarin, Tomcat 10 ta koma sabon, Spring Boot kuma sai a siga ta 3, ƙarshen 2022.

Malam, akwai masu kiran manhajarka daga cikin kod ɗin Python, ko ta layin umarni kawai ake amfani da ita?

Mai Manhaja:
Akwai, Malama. Ban tsara ta don haka ba, amma na ga ma'ajiyoyi a GitHub da ke shigo da sashen da ke duba fayil kai tsaye.

Malama:
To tsohon ƙunshin kada ya zama fanko. Ya riƙe tsofaffin sunayen shigowa, kowanne yana miƙa kira ga sabon wuri. Haka OpenTelemetry ta yi lokacin da OpenTracing da OpenCensus, ayyuka biyu na bin sawun yadda manhaja ke gudana, suka haɗe suka zama ita a 2019: an rubuta gadoji don tsohon kod ya ci gaba da aiki a kan sabon. OpenTracing ba a rufe ta ba sai 2022, OpenCensus kuma 2023.

Tsohon Hannu:
Saura maganar kujerar da suka ce za su ba ka. Ka tambaye su ma'anarta dalla-dalla. Haɗewa iri-iri ce. Akwai wadda ƙaramin ya shiga ya canza babban: EGCS ta ɓalle daga GCC, mai harhaɗa kod ya zama manhaja, a 1997, a 1999 aka mayar da ita ita ce GCC ta hukuma, har ma'anar sunan ta faɗaɗa daga mai harhaɗa C zuwa tarin masu harhaɗawa. io.js ta ɓalle daga Node.js, manhajar gudanar da kod ɗin JavaScript, a ƙarshen 2014 saboda yadda ake tafiyar da aikin, kuma ba ta dawo ba sai da aka kafa gidauniya da kwamitin fasaha. Shi ya sa lambar Node ta yi tsalle daga 0.12 zuwa 4.0 a Satumban 2015, don io.js ta riga ta kai 3. Akwai kuma irin ta Merb, da aka sanar da shigarta Rails a Disamban 2008, dukansu tsarin gina shafukan yanar gizo ne. Ra'ayoyinta sun shiga Rails 3 a 2010, Yehuda Katz, mai kula da Merb, ya shiga cikin masu kula da Rails, amma Merb kanta ta ƙare, wanda ya gina aikinsa a kanta kuma sai da ya yi ƙaura.

Kai ba ka da nauyin io.js, ba za ka sa su canza tsarin mulkinsu ba. Amma kana iya neman amsar ƙananan tambayoyi a rubuce. Wa ke da ikon karɓar gyara a wannan ɓangaren, kai kaɗai ko sai wani ya sa hannu? Idan an gano matsala, za ka iya fitar da gyara a ranar, ko sai ka jira jadawalin fitar da sigarsu? Wannan na biyun shi ne abin da masu amfani da kai za su fara ji. Yanzu mutum yana kawo rahoto ka gyara cikin kwanaki. Idan babban aikin sau uku ko huɗu yake fitar da siga a shekara, gyaran zai zauna yana jira. Sannan wanda ke son mai duba YAML kawai, shin dole ya sauke babban aikin gaba ɗaya da duk abin da yake dogaro da shi?

Injiniya:
Wannan ta ƙarshen tana da magani. A ajiye kod ɗin a ma'ajiyarsu, amma a riƙa fitar da shi a matsayin ƙunshi mai zaman kansa, babban aikin ya dogara da shi. Ayyuka da yawa haka suke yi. Kuma Malam, kada ka bari a kwafe fayilolin a manna da shigarwa ɗaya, tarihi ya ɓace. Ka yi amfani da git filter-repo ka mayar da komai cikin babban fayil ɗin da za su zauna, sannan a haɗe tarihin biyu da zaɓin allow-unrelated-histories. Ko git subtree idan ya fi muku sauƙi. Ta haka git blame zai ci gaba da nuna wanda ya rubuta kowane layi da dalilinsa. Mutanen da Malama ta ce ka nemi yardarsu ma za su fi saurin yarda idan sun san sunansu ba zai goge ba.

Rahotannin matsala kuma, GitHub yana barin a mayar da su wata ma'ajiyar ne kawai idan duka biyun suna ƙarƙashin asusu ɗaya. Don haka a fara mayar da ma'ajiyarka ƙungiyarsu, a kwashe rahotannin da ke buɗe, sannan a kulle tsohuwar a bar ta don karatu. Kada a goge ta.

Mai Manhaja:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan rubuta musu. Na yarda da haɗewar da sabon sunan. Tsohon sunan a PyPI zai zauna a hannuna, in ƙara mutum ɗaya daga cikinsu a matsayin mai kula na biyu. Tsohon umarni da tsofaffin sunayen shigowa za su ci gaba da aiki, da gargaɗi ta stderr, aƙalla shekara guda daga ranar da sabon ya fito, kuma za a rubuta ranar cirewa tun farko. A shigo da tarihi gaba ɗaya. A fitar da ɓangaren a matsayin ƙunshi daban. Kuma ba za a sanar da komai ba sai an gama maganar lasisi.

Yaya Mai Sabobi, na san shekara ɗaya ba ta kai abin da kake so ba.

Mai Sabobi:
Ba ta kai ba. Ni da za a bar tsohon umarnin ba ranar cirewa, tunda ba ya cin komai. Amma idan an cire shi, a bar wani abu a wurin da zai faɗa wa mutum sabon sunan, kada ya ga saƙon cewa babu wannan umarnin kawai. Kuma sunan fayil ɗin saiti ka bar shi ana karantawa ko bayan shekarar, don shi ne ke zaune a ma'ajiyoyin mutane.

Mai Manhaja:
Wannan na karɓa. Malama, tambaya ta ƙarshe. Ɗaya daga cikin masu sassa masu nauyin nan ya daɗe bai taɓa asusunsa ba, imel ɗin da ke cikin tarihin kuma ban tabbata yana aiki ba. Idan bai amsa ba fa? Wani ya ce mini in sa wa'adi, wanda bai yi magana ba a ɗauka ya yarda.

Malama:
Kada ka yi haka. Shirunsa ba izini ba ne, kuma babban aikin da ya san abin da yake yi ba zai karɓi kod a kan wannan ba, musamman idan suna neman kowace shigarwa ta zo da layin Signed-off-by, wanda ke nufin mai turowa ya tabbatar yana da ikon bayarwa da wannan lasisin. Ka neme shi ta duk hanyar da ta dace, ka ba shi lokaci. Idan bai fito ba, ka duba da git blame me ya rage na rubutunsa a sigar yanzu, don wataƙila an riga an sake rubuta rabinsa. Abin da ya rage a cire shi. Ka rubuta bayanin abin da sashen ke yi da gwaje-gwajen da zai ci, ka ba wani daga cikin mutanensu da bai taɓa karanta tsohon ba ya rubuta sabo. Kuma wannan ya shafi shawarar Injiniya ta shigo da tarihi: tsohon kod ɗin mutumin zai kasance cikin tarihin da lasisin GPL, don haka ka tambaye su tun yanzu ko sun yarda da hakan, ko kuwa a tace waɗancan fayilolin kafin a haɗe, a bar cikakken tarihin a tsohuwar ma'ajiyar da aka kulle.